Kwana Uku Babu Toka a Jujin Iya Hansai

Salamu alaikum samari. Sunana ba zai ƙare ku da komai ba. Waɗanda suka san ni a Rano sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuma su gode wa Allah, wataƙila butarsu tana nan inda suka ajiye ta.

Ni ɗan Yalwa ne, ɗan manomi, jikan manomi. Babana in ya sunkuya a gona da safe ba ya ɗagowa sai inuwarsa ta shige ƙarƙashinsa. Ni kuwa Allah bai ba ni ƙugun noma ba, baki ya ba ni. Kunya ɗaya nake yi in ba da labari bakwai. Babana ya taɓa cewa da surutu yana fitar da dawa, da ni kaɗai na ciyar da Rano da Kibiya har a kai saura Kano. Amma fa ban taso ɓarawo ba, wannan ku riƙe. Ko gyaɗar da aka shanya ba na taɓawa. To, sai dai kaɗan, don in ji ko ta bushe.

Da na gaji da gona, gona ma ta gaji da ni, sai na shigo cikin gari na kama jari bola. Buhu ɗaya, sanda ɗaya da na ɗaura wa maganaɗisun tsohuwar lasifika a baki, shi ke nan na zama ɗan kasuwa. In bi jujin mutane in tsinci gwangwani, guntun ƙarfe, fasasshiyar roba, tsohon silifa, in kai wa mai sikeli ya auna. Kuma bari in faɗa tun yanzu, sana'a ce ta halak. Na san mutanen da suka yi aure da ita, suka yi gini da ita, ko allurar wani ba su taɓa ɗauka ba. Irina ne muka shafa musu baƙin jini, har yau in aka ga mutum da buhu a lungu sai mata su fara ƙirga kwanuka.

Mai sikelin da nake kai wa kaya, Oga Sale muke ce masa. Mutum ne mai fara'a, kullum da asuwaki a baki. Wata rana na ga fartanya an jingine ta da bango, taku biyu daga juji. Na tsaya na yi wa kaina shari'a a gurin: wannan ai daga kan juji ta gangaro. Fartanya ce ta gangaro, ta miƙe tsaye, ta jingina da bango. Na cire ƙotar na yar, na jefa ƙarfen a buhu. Oga Sale ya ɗaga shi, bakin yana ƙyalli kamar madubi, ya ce, "Kai, wannan ai jiya ta yi noma." Na ce, "Yau ta yi ritaya, Oga." Ya yi dariya har asuwakin ya faɗi, ya ce, "Ni ƙarfe nake saye, ba tarihi ba." Ya ɗora a sikeli.

Daga ranar bolata ta fara faɗi. Da taku biyu ne, ta koma taku biyar, ta shiga zaure, ta leƙa tsakar gida. Buta, kwanon da aka kife, galma, sarƙar keke, murfin kwalbati. Har ta kai in na kalli ƙofar gidan mutum ta ƙarfe sai in ga kamar ta tsufa, ta isa hutu.

Amma abin da ya fi hannuna haɗari idona ne. Kun san a garuruwan nan namu kowane gida da jujinsa. Ba a haɗawa da na maƙwabci, don maigida yana tara shi ne ya kwashe a amalanke ya kai gona ya zama taki. Har faɗa ake yi a kan juji. To ku kuna ganin shara ce, ni jarida nake karantawa. Ƙashin kaza da gwangwanin madara, an samu. Kwalin sabuwar waya, an ƙara samu. Kwalaben magani, akwai mai jinya, hankalin gida yana asibiti. Ledojin kayan ɗaki, an kawo amarya da sababbin tukwane. Wallahi akwai gidan da na san matar tana da ciki kafin mijin ya sani, ɓawon tsamiya da na goruba ne suka gaya min.

Sarkin labari kuwa toka ce. Duk gidan da aka hura wuta, da safe sai an share murhu an zubar da toka a juji. Sabuwar toka fara ce, da laushi, wani lokacin har da ɗumi. In ta kwana sai ta dafe ta yi duhu, kaji su tattake ta. In na zo kwana ɗaya babu sabuwa, in ce wataƙila ɗumame suka ci. Kwana biyu, in fara zagaye. Kwana uku, gidan nan babu kowa. Lokacin aikina kuma ranar Juma'a ne, da zarar maza sun ɗau darduma sun nufi masallaci. Ni ma ban taɓa fashin Juma'a ba, sai dai a gidajen mutane nake yin tawa. Allah ya yafe mana.

Da aka fara gane ni a Rano, 'yan sintiri suka fara yi min kallon da kura take yi wa akuya, masu unguwanni suka ce kada a ƙara ganin mai buhu a lungu, sai na koma Kibiya inda fuskata sabuwa ce. Lokacin kaka ne. Gari ya watse gona, masu yankan dawa na yi, masu roron gyaɗa na yi, da rana lungu shiru sai kaji.

A can bakin gari akwai wani gida shi kaɗai, gonar dawa ta kewaye shi ta baya. Ranar da na fara bi ta gurin ina kiran, "A fito da tsohon ƙarfe! Tsohuwar roba!" sai wata tsohuwa ta leƙo daga zaure, 'yar firit, da goro a baki. Ita ce Iya Hansai. Ta ce, "Kai mai buhu, tsohuwa fa, kana saye?"

Na ce, "Iya, hau sikeli mu gani, amma ina jin sai na haɗa da zanin kafin allura ta motsa."

Ta ce, "Ja'iri! Da ka gan ni ina budurwa da buhun nan ka sayar ka kawo sadaki. Zo nan angona, karɓi wannan."

Ta ba ni wata tsohuwar langa da ta ɓule, ta ce kyauta ce, kayan gara suna nan tafe. Muka tsaya hira, don ta samu daidai da ita. A nan na ji mijinta ya rasu, ɗanta namiji yana kudu, 'yarta Asabe tana aure a Rano ga ta da tsohon ciki, ita kaɗai ce a gidan. Ta kalli robobin da ke buhuna ta taɓe baki, ta ce kayan 'yan yanzu ke nan, ita tasoshinta na aure suna nan jere a ɗaki, na tagulla, tun na kakarta. Samari, a sikeli tagulla sarauniya ce. Na ji kunnena ya miƙe. Na ce, "Iya ki sayar min mana." Ta ce, "Sai bayan raina, angona."

Muka yi dariya mu biyu.

Bayan kamar mako biyu, ranar Laraba, na bi ta jujinta, babu sabuwar toka. Alhamis babu. Na tsaya gurin mai shayi na jefa tambaya kamar da wasa, ina amaryata ta bakin gari, kwana biyu ban ji muryarta ba. Aka ce ai Asabe ta haihu ranar Talata, Iya ta sallami maƙwabta tun daren, ta ce sammako za ta yi zuwa Rano, sai bayan suna. Juma'a da hantsi na koma, tokar jujin ta dafe, kaji sun yi rawa a kai. Kwana uku cif. Na duba ƙofar zaure, a rufe. Na lura babu kwaɗo a jiki. Na lura fa, ba wai ban gani ba. Na ce wa kaina tsofaffi da dabara, wataƙila ta wani gurin take kullewa.

Da aka fara huɗuba na shiga cikin dawa, na zagaya baya, na kama katanga na dira.

Abin da na fara gani ƙunshin kaya ne a tsakar gida, an ɗaure shi tsaf da zani, kusa da shi ga ƙullin kanwa da na yaji, kayan mai jego. Sai buta a kife. Sai takalmanta a ƙofar ɗaki. Sai ƙuda. Sai wari ya iso ni. Duk wanda ya yi shekara yana tona juji ya san wari iri-iri, amma wannan ban san shi ba. Na waiga ta zaure, na ga sakata a zure ta ciki.

Tana kwance a ƙarƙashin rumfa, tsakanin ƙofar ɗaki da randa. Rabin fuskarta ya zube kamar an ja shi ƙasa, hannu ɗaya ya lanƙwashe a ƙarƙashinta. Ƙasar gurin duk sawun jan jiki ne, ta yi ta ƙoƙarin kaiwa ga randar, saura kamar kamu uku ta kasa. Na ɗauka gawa ce. Sai ido ɗaya ya juyo ya kalle ni.

Ta gane ni. Wannan ba na shakka. Leɓenta ya motsa, duk ya tsattsage, sauti bai fito ba sai wani gurnani. Na ɗebo ruwa a moɗa, na tallafo kanta na ba ta. Rabi yana shiga, rabi yana zubowa ta gefen da ya mutu. Ta sha, ta sha, ta ƙware, ta ƙara sha. Sai ta kama ƙafar wandona da hannun mai lafiya, ta saki, ta nuna zaure, ta sake kamawa. Ba sai an yi min fassara ba. Buɗe ƙofa, kira mutane.

Ga abin da ya zo min a rai, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. In na kira mutane, tambayar farko ita ce, kai ta ina ka shiga? A watan nan Kibiya a fusace take, an sace injin ban ruwa, an sace awaki, matasa sun yi rantsuwa duk wanda suka kama sai dai uwarsa ta haifi wani. Ina jin muryar liman ta lasifika ya kusa sauka daga huɗuba. Raka'a biyu ce tsakanina da cikowar lungu.

Na ɓamɓare yatsunta daga wandona ɗaya bayan ɗaya. Ba su da ƙarfi, kamar na jariri. Na tsallake ta na shiga ɗaki. Na kwashe tasoshin, na naɗe su da zanin gadonta don kada su yi ƙara. Na sake tsallake ta na fito. Na cika moɗar na ajiye kusa da hannunta, wai ni mai imani. Idon nan yana bina duk inda na yi.

Daga inda nake tsaye zuwa sakatar nan taku goma ne. Da na zare ta na bar ƙofar a buɗe, ko ban ce wa kowa komai ba, kafin la'asar wata maƙwabciya za ta ga ƙofa a buɗe ta leƙo. Na yi tunanin haka a gurin, ba daga baya ba. Amma zauren yana kallon hanya, na ji tsoron wani ya hango ni. Na haura katanga na shige dawa.

Na koma Rano da kayan. Oga Sale da ya ga tagulla sai da ya cire asuwaki. Yana aunawa ya ce, "Yau babu labari? Ko an yi maka rasuwa ne?" Na ce kaina ke ciwo.

Ranar Asabar na zauna na yi ta ba kaina haƙuri. Ai na ba ta ruwa. Ai wani zai leƙa. Ai Asabe za ta aiko. Na sayi shinkafa da wake na kasa kai loma. Duk tsohuwar da ta gifta sai in kau da kai. Na yi tunanin neman gidan Asabe a Rano in aika saƙo, to ban san gidan ba, kuma in na fara tambaya an san ni. Ban je ko'ina ba, har Asabar ta wuce. Ashe ita Asabe tana ta kiran wayar uwarta a kashe, ta ɗauka rashin caji ne irin na kullum, tana cewa Iya sai ta gama haɗa kaya za ta taho. Maƙwabta sun ce tana Rano, Rano sun ce tana Kibiya. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san inda take, shi ne ɓarawonta.

Lahadi da safe na hau mota na koma, ko buhu ban ɗauka ba. Ina tafe ina roƙon Allah in tarar da ƙofar a buɗe, ko tabarmin zaman makoki ma, wallahi har wannan na roƙa, don dai a ce wani ya shiga. Na tarar da ƙofa yadda na bar ta. Juji yadda na bar shi.

Maƙwabcinta mafi kusa, wani dattijo Malam Idi, yana ɗaura wa shanu amalanke zai tafi gona. Na yi sallama na ce, "Baba, Iya Hansai tana cikin gidan nan."

Ya ce, "Ta tafi Rano tun Laraba, yaro."

Na ce, "Ba ta tafi ba. Dubi ƙofar, babu kwaɗo."

Ya kalli ƙofar. Ya daɗe yana kallo. Sai ya saki igiyar shanun ya ruga yana salati, yana kiran matansa da 'ya'yansa. Suka sa kafaɗa suka ɓalle ƙyauren. A lokacin nan kowa ya manta da ni, hanya a buɗe, dawa ga ta nan. Ni da nake tsere wa kare a guje, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na ji mata sun sa kuka a ciki, sai wata ta ce, "Da ranta! Da sauran numfashi!"

Aka fito da ita a tabarma aka sa a mota. Sai Malam Idi ya fito riƙe da moɗar nan, babu ko ɗigo a ciki. Ya ce, "Wanda ya kasa kaiwa randa, wa ya ɗebo masa ruwa?" Wata daga ɗaki ta ce, "Babu tasoshin Iya!" Ya matso kusa da ni, a hankali ya ce, "Yaushe ka shiga?"

Na ce, "Juma'a."

Ya ce, "Juma'a. Yau Lahadi."

Dukan da na sha ba zan ba ku labarinsa ba, don in na faɗa za ku ce ƙari na yi, kuma wannan karon babu ƙari. Haƙora biyu na bari a Kibiya. Mai unguwa ne ya kwanta a kaina da babbar rigarsa har 'yan sanda suka zo. Ina caji ofis aka gaya min Iya Hansai ta cika a asibiti ranar Litinin, ana gobe suna. Aka ce likita ya ce da an kawo ta da wuri da akwai fata, amma rai na Allah ne.

Oga Sale ya rantse bai taɓa ganin mai kama da ni ba. Tasoshin kuwa tuni an bubbuge su an loda a mota. Alƙali ya ɗaure ni shekara biyu a kan shiga gida da satar tagulla. A kan sakatar nan babu wanda ya tuhume ni, babu ta a takarda.

Gidan yari kuwa, samari, kada wani ya ruɗe ku da cewa makaranta ce. Miyar gidan in ka leƙa kana hango gindin kwano har da fuskarka. Kwarkwatar gidan tana da mai unguwa. Kwanciya in za a juya sai an yi shawara, kowa ya juya tare. Da farko na zama mai ba ɗaki dariya, har gandirobobi suna tsayawa ji. Amma akwai wani malami da yake shigowa yana yi mana karatu, wata rana na ja shi gefe na ba shi labarin nan duka, yadda na ba ku. Na ce, "Malam, in na tuba ya wuce?" Ya ce abin da ke tsakanina da Allah, in na yi tuba ta gaskiya, ƙofa a buɗe take. Amma hakkin mutum sai mai shi ya yafe. Na ce, "Mai shi ta rasu." Ya ce in nemi magadanta, in yawaita yi mata addu'a da sadaka, sauran kuma in bar wa Allah. Bai ce min ya wuce ba. Na jira ya faɗa, bai faɗa ba.

Da na fito, kawuna ya raka ni gidan Asabe a Rano. Mijinta ya shigar da mu zaure, ita ta tsaya a bayan labule. Na durƙusa na ce na zo neman gafara. Ina jin yarinya tana wasa a gefenta. Sannan ta ce, "Tasoshi gadona ne, ni da yayana, mun yafe maka. Amma daga Juma'a zuwa Lahadi ba ni na kwanta a ƙasa ba. Wannan ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi." Ta juya ta shige.

Yanzu ina Yalwa, na koma gonar da na guda. Ƙugun dai har yau ciwo yake, amma yana sunkuyawa.

To ku saurare ni, ku masu jin kanku da wayo. In jari bola za ku yi, ku yi, sana'a ce, amma abin da ke kan juji shi ne naku, wanda yake gefe ko da taku ɗaya ne yana da mai shi. Duk mai sikelin da ba ya tambayar inda kuka samo kaya, ranar da aka kama ku ma ba zai tambayi inda aka kai ku ba. Kada kuma ku ce ku ƙananan abubuwa kawai kuke ɗauka, ba kwa taɓa rai. Ni ma ban taɓa riƙe wuƙa ba, ban taɓa marin kowa ba. Sata ce ta kai ni gurin da taimakon mutum ya zama tona asirina, na zaɓi asirina. Ku ma in kuka bi hanyar nan wata rana za ta ajiye ku a irin gurin, kuma kada ku yi saurin rantsuwa a kan abin da za ku zaɓa.

Na gama zaman da alƙali ya yanke min, na fito da takardata. Akwai wani zaman da ya rage, ni da Iya Hansai, a gaban wanda ya ga komai. Wannan babu beli, babu mai unguwar da zai kwanta a kaina, kuma ban san ranar da za a kira ni ba. Ku da ba ku da irinsa a gabanku, don Allah kada ku je ku nemo.